Kawunan Da Suka Rage Mini

Ɗazu ina zaune a gefen rumfarku ta aski ina jiran amalanken da zai koma garinmu, sai na ji ɗayanku yana cewa aski ba wani aiki ba ne: ka danna injin, ka bi kai da shi, ka kakkaɓe wuya, na gaba ya zauna. Ban ji haushi ba. Injin ɗinku yana da sauri, kuma ba ya yankan kowa. Amma tunda mai amalanken bai gama cinikinsa ba, bari in gaya muku yadda aikin yake a wurinmu da yadda ya koma yanzu.

Sunana Nomau, amma daga ƙauyukan Sarkin Hausa har zuwa tungayen da ke kan hanyar Issawane ba wanda ke kirana da shi. Wanzam ake ce mini. Wurin ƙanen uwata, Kawu Jari, na koya. Na daɗe ina bin sa ban taɓa kan mutum da aska ba. Aikina ɗaukar zabira, jiƙa kai da ruwa da sabulun salo, da wasa aska a dutse har ta iya ɗauke gashin hannuna ba tare da na ji ba. Da ya ga hannuna ya fara nutsuwa, sai ya tsinko ɗanyen duma mai ɗan gashi-gashi a jiki ya ce in aske. In na karce fatar duman, ya karɓe askar ya ba ni tsintsiya. Ranar da na aske duma tas babu tabo, sai ya cire hularsa ya zauna a kan tabarma ya juya mini ƙeya.

Na ce, "Kawu, kanka?"

Ya ce, "To kan wa kake so in ba ka? In za ka zubar da jini, ka fara da na gidanku."

Na yanke shi a bayan kunne. Bai motsa ba, sai da na gama ya shafa wurin ya ce gobe mu sake.

Abin da ke cikin zabira ba shi da yawa. Akwai askar aski, akwai 'yar ƙaramar aska ta tsaga, akwai ƙahonin shanu da aka rarake aka huda tsininsu, da kakin zuma na toshe hudar, da dutsen washi, da ƙoƙon ruwa. Daga baya ma'aikatan likita suka tara mu suka ce mu riƙa tafasa kayan, kuma kowane mutum da sabuwar rezarsa. Muka karɓa, don gaskiya suka faɗa. Amma kaya ba su ne aikin ba. Aikin shi ne ka san kan da ke gabanka: inda yake da tudu, inda yake da tsohon tabo, inda fata ta yi laushi. Kan jariri daban, kan manomi da rana ta gasa daban, kan tsoho kuma daban, don fatarsa tana bin aska kamar tsohon zane, dole ka miƙe ta da yatsa kafin ka ja.

A da kowane wanzami yana da gidajensa. Kai ne mai askin maigida da 'ya'yansa, kai ne mai askin suna, kai ne mai kaciya, in jiki ya yi nauyi kai ne mai ƙaho. Ba a biyan ka ranar da ka yi aiki. Sai kaka ta yi, ka zaga da jaki, kowane gida a ɗora maka dami gwargwadon hali. Da haka rumbun Kawu yake cika, da haka nawa ma ya yi shekaru yana cika, ga kuma 'yar gonata.

Aikin bai mutu rana ɗaya ba. Kaciya ta koma likita. Samari suka koma wurinku, don suna son irin askin da suke gani a waya. Magidanta masu ƙarfi kuma ba su zama gari, da an cire amfanin gona sai Agadas, sai Libiya, sai wurin haƙar zinariya. Na waiga na ga kawunan da suka rage mini duk farare ne. Tsofaffi ne waɗanda ba su iya zuwa kasuwa, waɗanda damin da za su ba ni ma daga bakinsu za su cire shi.

Shekarar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ɗan abin da ya fitar da kai kuma tsutsar nan murzuna ta bi shi ta cinye. Tun kafin sanyi ya wuce rumbuna suka fara ƙara in an buga su. A shekarar ban fita zagayen dami ba. Wa zan tsaya wa a ƙofa da jaki? Amma zagayen aski ban fasa ba, don tsoho ko ba shi da abin ci yana son ya je masallacin Juma'a da kai a gyare.

Akwai wani dattijo a wata tunga arewa da mu, Baba Tanko. Kawu ne ya fara yi masa aski, na gaje shi. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, a zamaninsa in ya shiga gayya sai an ce ya rage hannu don saura su kamo shi. 'Ya'yansa maza biyu: babban ya rasu, ƙaramin ya tafi Libiya, tun ana jin muryarsa a waya har aka daina. Matar ƙaramin ta tafi Tasawa aikin wanke-wanke a gidan wani ɗan kasuwa, ta bar yaranta wurin Baba Tanko da matarsa Inna Baraka.

Cikin bazarar nan ya aiko a kira ni. Na same shi a inuwar zana, ya jingina da turmi. Muka gaisa, ya ce, "Wanzam, ƙaho nake so ka yi mini. Jiri ke ɗibata. In na miƙe sai ƙasa ta juya. Mataccen jini ne ya taru a ƙeya."

Na ce, "To Baba, bari in fara rage maka gashin, sai in ga wurin da zan kafa."

Na jiƙa kan, na sa aska. Tun ja na farko na san akwai magana. Kan da na sani shekara da shekaru ya canza a hannuna. Gefen goshinsa ya loɓa har yatsana yana nutsewa. Na kama fatar ƙeyarsa na saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Da na zagayo gabansa na ce ya dubi sama, na ja fatar idonsa ƙasa, cikinta fari fat, babu ɗigon ja.

Na wanke askar na mayar cikin zabira. Ya ga ban fito da ƙaho ba.

Ya ce, "Yaya dai?"

Na ce, "Baba, me ka ci yau?"

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Na ce, "Na san Alhamdulillahi. Me ka ci?"

Ya kau da kai yana kallon akuyar da ke ɗaure a turke. Inna Baraka ce ta amsa daga bakin ɗaki, ba ta ko fito ba. Ta ce, "Tambaye shi dai, Wanzam. Ni na gaji. In na dama ɗan abin da ke akwai, sai ya ce ya ƙoshi, a ba yara. Anza yake ci, ita ma sau ɗaya. Jiya ko ita bai taɓa ba."

Ku yaran gari wataƙila ba ku san anza ba. 'Ya'yan wani icce ne na daji, masu ɗacin gaske. Sai an jiƙa su an yi ta sauya ruwa kafin su ciwu, kuma ba mai neman su sai wanda rumbunsa ya ƙare.

Na ce, "Baba, ba zan yi maka ƙaho ba. Jinin da ke jikinka bai ishe ka ba, balle in rage. In na tsaga ka yau, ban san ko za ka tashi daga tabarmar nan ba."

Ya ce, "Kawunka bai taɓa hana ni ƙaho ba."

Na ce, "Kawu bai taɓa ganin ka haka ba."

Can na tambaye shi ko ba su samu hatsin taimakon da na ji ana rabawa a yankinsu ba. Ya yi 'yar dariya. Ya ce ai hatsin na masu aiki ne, ana haƙa ramuka a fako don tare ruwa, wanda ya haƙa a auna masa. Ya je da dagi da safe, ya sara ƙasa kaɗan, ya faɗi. Aka ɗauke shi aka kai inuwa, mai kula da aikin ya ba shi ruwa ya ce ya koma gida ya huta. Mutumin kirki ne, in ji shi, amma abin da aka ba shi ya raba na masu haƙa ne.

Washegari na nemo amalanke muka kai shi likita. Rairayi ne hanyar, sa yana tafiya yana tsayawa, ni kuma ina riƙe da kansa a cinyata ina duba ko yana numfashi. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba shi ya faɗi abin da na riga na gani: babu jini. Ya ce a samo masa wake da hanta da madara, ya kuma rubuta magani. Na tambaya ko akwai wani sauƙi da ake yi wa tsofaffi. Ya ce na kyauta na ƙananan yara ne da masu ciki, tsoho sai ya saya. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Akuyar nan ta turke ita ta tafi a maganin, ita ce kuma dabbar ƙarshe a gidan.

A hanyar komawa Baba Tanko ya kama hannuna ya ce, "Wanzam, abin da ka gani a gidana ya tsaya a zabirarka."

Wannan ita ce ƙa'idar aikinmu. Wanzami yana shiga har inda baƙo ba ya shiga, yana ganin jikin mutane da halin gidansu, kuma ba ya fitar da shi. Na kwana biyu ina juya maganar. Nawa rumbun ba zai ɗauki gida biyu ba, na kai musu 'yan tiyoyin da zan iya, na san ba za su kai ko'ina ba. In na yi shiru, mutumin nan ba zai ga damina ba. Sai na je wurin limamin tungarsu na gaya masa, shi kaɗai. Liman ya yi magana da mutane bayan sallah, bai ambaci suna ba, amma tunga ƙarama ce. Aka fara aiko wa Inna Baraka da ɗan gari, da ɗan wake, wata Bafillata da ke kusa tana kawo nono in ta samu. Masu bayarwar su ma yawanci tsofaffi ne masu jiran saƙo daga 'ya'yansu.

Da na koma zagaye na gaba, Baba Tanko ya bar ni tsaye a ƙofar gida. Ya ce, "Na gode, Wanzam. Kan nawa bai taru ba." Ina ganin gashi har ya rufe masa kunne. Haka na yi ta zuwa yana mayar da ni, har ruwa ya sauka. Ya yi shuka da taimakon jikokinsa, rabin gonar kawai, don ɗaya rabin ya ba da jingina tun bazara. Ya ga kaka. Bayan an gama ɗaurin dami ya aiko mini. Na same shi kwance, Inna Baraka ta tallafo shi ya zauna. Na yi masa aski a hankali, ba mu yi maganar abin da ya wuce ba. Da na gama ya shafa kansa ya ce, "Hannunka ya fara rawa, Wanzam." Bai yi sati ba ya rasu. Inna Baraka tana nan har yanzu, tana tsinko kara tana saƙa zana, idonta ma ya yi rauni. Ɗan nasu har yau babu labari.

Maganar da ya yi kan hannuna gaskiya ce, na kuma riga shi sani. Abin ya fara da safe ne, in na ɗauki ƙoƙo sai ruwan ya riƙa kaɗawa. In na fara aiki ya lafa. Ido kuma na dama ya fara gani dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashi mai. Na koyi juya mai aski ta wajen haske, na koyi dafa gwiwar hannu a cinya. Da haka na ci gaba da ɓoyewa, har ranar wani suna a wajen Korgom.

Gidan mijin ɗiyata ne, ƙanensa aka yi wa haihuwa, suka ce ba wanda zai aske jaririn sai ni. Suka aiko moto, wato babur, ya ɗauke ni. Askin suna shi ne aikin da ya fi kowane tsada a wurin wanzami, shi ne kuma ya fi haɗari. Kan jariri ɗan kwana bakwai bai gama haɗewa ba. A tsakiya akwai maɗiga, wurin da babu ƙashi, fata ce kawai kana ganin tana bugawa. Na aske irinsa ban san iyaka ba.

An raɗa suna, an yanka rago, aka shigar da ni cikin gida. Gwaggon maijego ta zauna a tabarma ta rungume yaron, mata sun kewaye mu. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na fara daga ƙeya. Ƙeya ta tafi lafiya, gefen hagu ma haka. Da na zo tsakiya sai na ga bakin askar yana rawa. Na ɗaga hannu, na ja numfashi, na sake kawowa. Rawar ta ƙaru. Na rufe idon dama don in gani sosai, na ga maɗigar tana bugawa, aska kuma tana kaɗawa a kanta, tsakaninsu bai kai kaurin kara ba. Yaron ya motsa.

Na janye hannuna na ajiye askar a cikin ƙoƙo.

Gwaggon ta dube ni ta ce, "Baba Wanzam, lafiya?"

Na ce, "Hajiya, a nemo wani ya ƙarasa. Hannuna ba zai iya ba."

Ta ce, "Ko ka ɗan huta? A kawo maka fura."

Na ce, "Ba na gajiya ba ne."

Ɗiyata tana cikin matan, na ga ta juya ta shiga ɗaki. Aka tura moto garin gaba aka ɗauko wani wanzami mai sauran ƙuruciya, ya ƙarasa, ni ina zaune a zaure da maza ana ta hira ana kauce wa idona. Da zan tafi suka ba ni ƙafar rago da hatsi, cikakken rabon wanzami, kamar ni na yi aikin. Na karɓa don akwai buƙata a gida. Amma labari ya riga ni isa garinmu. Tun daga ranar ba a sake kira na suna ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Ni ma ba zan ba da jikana ga hannun nan ba.

Na je an duba idon a Mayahi. An ce yanar ido ce, ana cire ta a Maraɗi, mutum ya koma gani garau. Sai dai tafiyar tana son guzuri da mai rakiya da zai zauna da kai. Ɗana namiji yana wurin zinariya, in ya kira yakan ce in ƙara haƙuri, ramin bai ba da komai ba tukuna. Matata Rabi gwiwa ta hana ta zuwa rijiya, sai mun roƙi 'ya'yan maƙwabta. Gonar da nake nomewa ni kaɗai, yanzu kafin in kai ƙarshen kunya sai na zauna. Kowace safiya in na buɗe rumbu in ɗebo na ranar, sai in tsaya ina duban inda hatsin ya tsaya a jikin bango, ina auna shi da watannin da suka rage kafin sabon gero. Bana lissafin bai haɗu ba. Rawar hannun kuwa an ce ba ta da magani, ta tsufa ce.

Don haka in kun ce aikin nan mai sauƙi ne, ku dai ku tuna da ƙarfin jikinku kuke yin sa, kuma babu wanda ke ajiye muku komai don ranar da jikin zai ƙi. Mu ma da muna ganin dami ba zai taɓa yankewa ba.

Har yanzu ina zagayen, amma da sanda, kuma ban wuce tungayen kusa. Shekaranjiya na je wurin Malam Idi, wani tsoho da ƙafafunsa suka daina ɗaukar sa, yana zaune shi da 'yar'uwarsa da ta girme shi. Ba shi da abin ba ni, ni ma ban tambaya ba. Ina cikin aske masa ƙeya hannun ya kubce, na yanke shi, ba sosai ba, amma jini ya gangaro har wuyan riga. Na danna wurin da auduga, na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ina ganin lokaci ya yi da zan ajiye askar nan."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ƙarasa, Wanzam. In ka ajiye, wa zai zo?"

Na sake jiƙa kan, na ci gaba.